Birkin Ta Baya

A Suwame, bayan layin masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina tsiro,
Alhaji Sallau ya shigo da gida a kan taya shida.
Gida nake faɗa: da gado, da murhu, da famfo,
har da labule mai zanen abarba.
Shekara talatin a Jamus, abin da ya dawo da shi ke nan,
sai wata 'yar mota ruwan ƙwai
ɗaure a gindin babbar kamar ɗan maraƙi.

"Ta Hajiya ce," in ji shi. Bai ƙara ba.
Na ga carbi a madubi, gizo-gizo ya yi masa saƙa,
sai na haɗiye tambayata.

Bawku za shi, ta Mampon zai bi.
Na ce, Alhaji, ka san gangaren dutsen nan?
In ka taka birki, babbar ta ji,
ƙaramar ba ta da labari.
Za ta taho da nauyinta duka ta ingiza ka,
ba don ƙiyayya ba,
don ba wanda ya gaya mata.

To aikina ke nan: in gaya mata.

Na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi,
Barmo yarona na haska mini da tocila.
Jar waya daga batir, na sa mata fis taki ɗaya,
kada wuta ta yi nisa ba makiyayi.
Farar, na kankare tsatsa na ɗaure ta a jikin ƙarfe,
wuta ma tana son hanyar komawa gida.
Shuɗiyar ce 'yar aike,
daga ƙafar Alhaji har akwatin da zai danna birkin baya.
Dayod biyu a fitilun wutsiya, masu gadin ƙofa:
shiga akwai, komowa babu.

Barmo, taka!
Shiru. Fitilar gwaji ko ƙiftawa ba ta yi ba.
Taka kuma! Shiru.
Mai wake da shinkafa ta wuce, ban kira ta ba.
Aka yi azahar, hadari ya haɗo ta wajen Bantama,
ni ina bin waya kamu-kamu
kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa.
Ashe ɓera ne. Shekara biyu mota na ajiye,
ya yi ɗaki a ƙarƙashin darduma, ya gaigaye ta.
A cikin sheƙarsa, tsakanin ɓawon gyaɗa da tsumma,
ɗan kunne guda, na zinari.

Na goge shi a rigata na miƙa.
Alhaji ya rufe hannu a kai, ya juya yana duban bango.
Na koma ƙasa. Na haɗa, na ɗiga dalma, na naɗe.

Da ya juyo, sai ya nuna siririyar igiyar gaba:
"Wannan fa?"
Na ce, in ƙugiya ta saki, in sarƙa ta tsinke,
ita za ta zare ƙusar nan,
ƙaramar ta kama birkinta da kanta
ta tsaya daidai inda kuka rabu.
Ya ce, "Ta tsaya ta jira?"
Tsayawa dai za ta yi, Alhaji.
Jira kuwa, ban san wayar da ke yin sa ba.

Barmo, taka!
A cikin ƙaramar, kujera ba kowa,
birki ya sunkuya shi kaɗai ya taɓa ƙasa.
Alhaji ya leƙa ta taga, numfashinsa a gilashi.
"A sake," ya ce. Aka sake.
"A sake."
Sau biyar, har ruwa ya fara buga kwano.

Ya ƙirga mini sidi, bai nemi ragi ba.
Na tsaya a bakin gareji, ruwa na wanke mini hannu.
A kwanar shataletale wata tirotiro ta yanko masa,
na riƙe numfashi:
fitila huɗu suka yi ja a lokaci ɗaya.